Hatimin da Ba a Buga Ba

"Ka tattara takardunka ka fita, Nazir."

Zakiyya ce ta faɗa, tana tsaye a bakin labulen zauren mahaifinta da ke unguwar Zango a Damagaram. 

Nazir na durƙushe gaban mahaifin nata, Alhaji Illa. Ya ɗago ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

"Zakiyya... ni?"

"Kai fa."

Wannan shi ne mutumin da aka sa mata rana da shi, wanda ya yi shekara uku yana kiranta rabin ransa. Kuma abin da ya haɗa su rigima ba wata mace ba ce, ba ƙarya ba ce. Filin jirgi ne.

Inna Balki, mahaifiyar Zakiyya, idonta na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma ya soma bin sahu. Likitan Damagaram ya ce aikin ya fi ƙarfin kayansa, ya samo musu rana wurin wani ƙwararre a Alƙahira, ya kuma ja musu kunne cewa idon ba zai jira ba. Inna ce da bakinta ta sa aka ɗaga bikin sai an dawo. Ta ce 'ya mace ɗaya gare ta, kuma tana son ta ga lallen amarcinta da idonta, ba a ba ta labari ba.

Su uku za su tafi, Alhaji da Inna da Zakiyya. Nazir, da yake aikinsa ke nan a wata ajans ta tafiye-tafiye, sai ya zo da shawara. Su hau ƙaramin jirgi daga Damagaram zuwa Yamai, daga can su shiga babban. Ƙasa ɗaya, takardu ɗaya, babu iyaka, babu shingaye, babu jijjiga mara lafiya a mota.

Alhaji ya ce sam. Kano na nan a bakin hanci, me zai kai shi Yamai? Kakansa madugu ne, da raƙuma ya yi ta bin hanyar Kano har ya tsufa. Shi kuma ba zai ɗora iyalinsa cikin jirgin da bai fi kwalin ashana ba, balle ya je ya zauna a filin da kullum ake raɗe-raɗin rashin tsaro a kansa.

Raɗe-raɗin kuwa akwai mai kawo su. Kassim ne, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ke zirga-zirgar kaya tsakanin Kano da Damagaram. Tun Zakiyya na lakwal, tana 'yar makaranta, yake sonta, ita ko kallo bai ishe ta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace yamma sai ya zo ya tsugunna kusa da kawunsa da waya a hannu, yana nuna masa bidiyon harbe-harbe da ba wanda ya san inda aka ɗauka ko yaushe, yana cewa hanyar filin Yamai ce. Ita kuma Zakiyya ya riƙa tausaya mata, wai ya rasa yadda saurayi zai riƙa juya surukinsa tun ba a ɗaura ba.

Ranar, Nazir ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Ya ce hanyar Kano ma ba ta da tabbas, ga tsallake iyaka, ga masu tare mutane a daji. Alhaji ya katse shi da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Nan haƙurin Nazir ya ƙare, bakinsa ya kufce.

"Baba, zamanin raƙuma ya wuce."

Kassim ya sunkuyar da kai, yana cin dariya a ciki. Zakiyya ta ga leɓen mahaifinta na rawa, dattijon da ko a kasuwa ba a ɗaga masa murya. Shi ya sa ta ɗaga labule ta faɗi abin da ta faɗa.

Nazir ya tattara takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa takalmi, ya fita.

Ta shige ɗaki ta yi kukan da ya fi na wanda aka kora.

Kassim ne ya sayo tikitin tashi daga Kano. Kwana huɗu Zakiyya ba ta ɗauki kiran Nazir ba. Zuciyarta na wurinsa, amma ta rantse sai ya gane cewa ita ma 'yar gidan wani ce. Ranar tafiya, suna cikin loda kaya bayan asuba, saƙon muryarsa ya shigo. Ta ga sunan, ta ga tsawon saƙon, ta taɓe baki. Ban haƙuri ne, me kuma zai ce? Bari ya dahu tukuna, in ta sauka Masar ta saurara. Ta kashe ƙarar wayar ta jefa ta cikin jaka.

Da hantsi suka kusa iyaka. Layin manyan motoci ya miƙe har ido ba ya ganin ƙarshensa. Kassim ya yi tsaki, ya ce in suka bi wannan sai jirgi ya tashi ya bar su. Ya karkata sitiyari ya faɗa wata 'yar hanya ta cikin gonakin gero, wadda yake bi kowane mako.

Ba wanda ya hana shi. To a kan me? Mutumin Damagaram ba ya ɗaukar zuwa Kano a matsayin fita waje. Biki ake zuwa, suna ake zuwa, sari ake zuwa, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Ita kanta Zakiyya ta je ya fi sau goma, ba ta tuna ranar da aka buɗe mata wata takarda. Alhaji har da gyara zama, yana cewa iyaka ai Bature ne ya zana abinsa.

Sau ɗaya kawai hantarsu ta kaɗa, lokacin da babura uku suka ɓullo daga cikin gero suka biyo su. Inna ta damƙe hannun Zakiyya tana salati. Ashe masu dakon buhuna ne, suka wuce da ƙurarsu. Kassim ya yi dariya, ya ce da ɗan ajans na nan da tuni ya suma.

Sun isa filin jirgin Kano bayan azahar, lafiya lau. Aka auna kaya. Zakiyya har ta fara jin cewa Baba ne da gaskiya.

Sai suka iso gaban jami'in da ke duba masu fita. Ya karɓi paspo uku sababbi fil, ya buɗe na farko, ya yi ta juya shafuka. Ya buɗe na biyu. Ya buɗe na uku. Sannan ya ɗago da ladabi.

"Alhaji, ta ina kuka shigo ƙasar nan?"

"Shigo?" in ji Alhaji. "Yaro, Kano fa muka zo."

Jami'in ya yi masa bayani a hankali. Paspo na wata ƙasa ne, kuma babu hatimin shiga ko ɗaya a jiki. Wanda takarda ba ta nuna ya shigo ba, shi jami'i ba shi da ikon buga masa na fita. Sai dai su koma iyaka. Jirgi kuwa saura awa ɗaya da 'yan mintoci.

Zakiyya ba ta taɓa ganin mahaifinta yana roƙo ba sai ranar. Ya cire hula, ya nuna idon matarsa, ya ambaci sunan kakansa. Kassim ya ce bari ya ga wani da ya sani, bai sake ɓullowa ba sai da jirgin ya ɗaga.

Ta zauna kan akwati. Ta ciro waya don ta duba lokaci, ta tarar da kira tara. Ta danna saƙon.

"Rabin raina... na yi wa Baba rashin kunya, zan zo in ba shi haƙuri. Amma don girman Allah ki saurare ni. In kun bi Kano, kada ku ratsa daji. Ku tsaya a iyaka ko layin zai kai la'asar, a buga muku hatimi. Wannan karon ba kasuwa za ku ba. In babu shi ba za a bar ku ku hau ba. Na kira Baba bai ɗauka ba, na faɗa wa Kassim ya ce ya san hanya. Ke kaɗai kika rage mini, Zakiyya..."

Saƙon ya kwana a jakarta? A'a, ko kwana bai yi ba. Awa tara kawai ya yi yana jiran ɗan yatsanta.

Wata ranar ganin likitan ba ta samu ba sai bayan wata uku. Nazir ne ya yi ta faɗi-tashi har aka same ta, bayan ya zo ya durƙusa ya nemi gafarar Alhaji. Ko sau ɗaya bai ce ai na faɗa ba. Wannan karon ta Yamai suka bi, ba wanda ya yi gardama, kuma ba abin da ya same su a hanya. Likitan ya haska idon, ya daɗe, sannan ya ajiye fitilarsa ya ce sun makara.

Kassim fa? Kassim ɗan gida ne. Aka yi masa faɗa, ya yi kwana biyu bai leƙo ba, rana ta uku yana zaure yana shan shayi. Da ya aiko da maganar aure Zakiyya ta ce ko shi ne autan maza, kuma ba wanda ya matsa mata.

Amma mako biyu da dawowarsu, Alhaji ya kira ta. Kayan sa ranar na jere a gabansa, an ɗaure su tsaf za a mayar wa su Nazir.

"Baba, me ya yi?" ta tambaya. "Shi fa ba shi da laifi."

"Na sani," ya ce, bai dube ta ba. "Da yana da laifi, da na yafe masa. Duk ranar da yaron nan ya durƙusa ya gaishe ni, idon uwarki nake gani. Ba zan iya ba, Zakiyya. Ba zan iya ba har in mutu."

Ta so ta yi ihu. Ta so ta ce wannan ba adalci ba ne. Amma abin da ya faɗa ta san shi, tana kwana da shi tana tashi da shi.

Da la'asar Nazir ya zo ƙofar gida. Ya rame. Ya ce zai jira, ko shekara nawa ne, zuciyar dattijo tana saukowa.

"Na ga saƙonka tun muna gida," ta ce. "Ni na ƙi buɗewa."

"Na sani. Ina ta duba waya har azahar. Ban riƙe ki ba, rabin raina."

"Ni na riƙe kaina."

"Ki dube ni, Zakiyya."

Ta yi ƙoƙari, Allah ya gani. Idonta ya kai maɓallin rigarsa, ya ƙi wucewa. Ashe 'yar Alhaji Illa ce ita ma, ciki da bai.

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ta ji tashin babur ɗinsa.

A tsakar gida Inna na zaune kan tabarma. Ta miƙo hannu, ta lalubo na 'yarta, ta shafa tafin a hankali, ta kai shi hanci ta shinshina.

"Har yanzu ba lalle?"

"Babu, Inna."

Can sama wani ƙaramin jirgi ya ratsa gari. Inna ta ɗaga fuskarta tana bin ƙarar da kunne.

"Na Yamai ne?"

"Shi ne," in ji Zakiyya.