Kafaɗar Muhibba

Kansa a ƙasa, ƙafafunsa a sama, haka Lukmanu ya fara ganin Muhibba.

A shekarar da gwamnati ta kwaso komatsanta daga Legas zuwa Abuja, shi ne direban babbar motar da ta ɗauko takardun wata ma'aikata. Dab da kwanar Kuje taya ta fashe, motar ta wuntsila sau uku.

Takardu na ta sauka kamar ana figar kaza. Wata budurwa 'yar Gbagyi ta yar da itacen da ke kafaɗarta, ta jawo shi ta taga.

"Bawan Allah, kar ka rufe ido! Ni Muhibba, kai fa?"

"Ina Edward?" abin da ya iya cewa ke nan.

Edward akawu ne, abokin tafiyarsa, wanda yanzun nan yake ɓare masa gyaɗa. Muhibba ta hango inda Edward yake kwance. Ta tare wajen da jikinta don kada ya gani.

Ƙashi ya ɗoru a asibiti, amma zuciya ta ƙi. Da ya ji ƙarar inji sai gumi ya karyo masa. Ya bar tuƙi, ya kama gadi a Gwagwalada. Duk Asabar yakan tako har Kuje a ƙasa, wai godiya ya zo yi. Godiyar da ta cinye takalmi biyu kuwa ai ta canza suna.

Wata rana ya tura mata takarda a cikin ƙwaryar doyarta: "Kafaɗata, jiya ma na yi mafarkin motar. Da na tuna muryarki sai na samu barci."

Ta ba shi amsa a bayan takardar: "Ɗan ƙafa, ka zo da wuri, Baba na nemanka."

Mahaifinta bai yi kwana-kwana ba. Ɗangoggo mai tasi ma yana son yarinyar, kullum fijo ɗinsa na ƙofar gida tana sheƙi.

"Yaro, ba na ƙi ka ba ne," in ji tsohon. "Amma in haihuwa ta zo mata da wahala, da ƙafa za ka kai ta asibiti? Ka zo gidan nan da mota, kai ne a sitiyari. In ba haka ba, ka haƙura."

Lukmanu ya ji kamar motar ta sake kifewa da shi.

Ranar kasuwa Muhibba ta aro a-kori-kurar kawunta, ta shiga gefen mai zaman banza ta zauna. Lukmanu ya shiga, ya kama sitiyari, sai ya juyo gare ta.

"Sauka, don Allah! Nan Edward ya zauna. Ni na kashe shi, Muhibba."

"Taya ce ta fashe," ta ce a hankali. "Ka taɓa ganin macen Gbagyi da kaya a ka? Mu a wajenmu kai tunani ya ishe shi, ba a ƙara masa kaya, sai dai a kafaɗa. Wata takwas kana ɗauke da mutumin nan a kanka. Sauke shi nan."

Ta matso da kafaɗarta. Ya kifa goshinsa a kai, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar hatsarin. Sannan ya share fuska, ya yi bismillah, ya murɗa makulli.

Tafiyar minti biyar sai da ta ci rabin awa. Har awaki suka wuce su.

Tsohon na zaune a ƙofar gida. Ya dubi rigar Lukmanu sharkaf da gumi.

"Wannan ba zai taɓa gudu da 'yata ba," ya ce. "Turo manyanka."

Bayan girbin doya aka ɗaura aure. Mahaifiyar Edward ta zo tun daga Legas, ta kama hannuwan ango biyu ta ɗora a kan sitiyarin motar amarya.

"Ɗana, tuƙa matarka gida. Allah ya kai ku lafiya."

Muhibba ce ta fara cewa amin.