Adireshi Na Shida

Ku matso. Ke Hanne, turo ƙofar nan. Abin da zan faɗa muku ba a so a faɗa, ni ma ta bayan labule na ji shi. In ya fita daga ɗakin nan, na san bakin wa.

Kun san Yaya Sabitu, ɗan Inna Kulu, mai aikin kwamfuta. To, bara aka ba shi aikin haɗa ƙananan asibitoci biyar na ƙauyuka, can wajen Gumel, wai kwamfutocinsu su riƙa jin juna kamar a ɗaki ɗaya suke. Ba sabuwar waya ya ja ba. A kan sabis ɗin waya da kowa ke amfani da shi ya shimfiɗa musu tasu hanyar, hanya a kan hanya. Ƙa'idar abin kuwa, duk injin da ya hau sai ya sanar da kansa: ga ni, ga adireshina, mai nemana ta nan zai biyo. Sauran su rubuta.

Biyar ya haɗa. Ran wata Laraba ya buɗe, ya ga shida.

Ya goge na shidan. Ya je ya sha ruwa ya dawo, ya tarar ya sake sanar da kansa. Kuma ba shiru yake ba. Saƙo yake ta aikawa, irin na taro, wanda ba ya isa kunnen kowa sai wanda ya ce a sa shi a ciki. Cikin biyar ɗin babu wanda ya shiga. Shi kaɗai yake ta magana, ba mai ji.

Ogansa ya ce, "Toshe shi ka huta." Amma Yaya ba ya ganin abu a rufe ya wuce. Ya bi sawu, ya ga daga wani ƙarfen sabis abin yake fitowa, a bakin tsohon burtali, inda ko bukka babu. Ya hau babur shi kaɗai, rana tsaka.

Wurin tsit. Ko kukan kurciya babu. Janareto na aiki, yana ganin hayaƙin, amma ba ya jin ƙarar.

Ya tsuguna ya jona kwamfutarsa da akwatin da ke gindin ƙarfen. Ga saƙon yana wucewa kamar ruwa, ba halin karantawa sai ka shiga taron. Ya san kuwa duk mai shiga sai ya ba da adireshinsa. Ya ce a ransa ai na kwamfuta ne, ba nawa ba. Ya danna.

"Mun karɓa."

Daga aljihunsa muryar ta fito, cikin waya. Daga kwamfutar ma ta fito, da cikin akwatin ƙarfen, duk lokaci ɗaya. Ya waiwaya. Wani dattijo ne zaune jikin shinge, da farar riga. Sai da maganar ta ƙare sannan bakinsa ya motsa. Ƙafafunsa fes, ga yashin gabansa ko sawu ɗaya babu.

"Sabitu ɗan Kulu. Gida mai shuɗiyar ƙofa, bayan injin markaɗe. Mutum huɗu."

Yaya ya ce, "Baba, kuskure ne."

"Ku kuka shimfiɗa hanya a kan tamu, samari. Mun ga al'adarku kowa ya faɗi inda yake, muka faɗi namu. Ba mu kira ka ba."

"To a cire ni."

"Ba a cire mutum haka. Tambaya ake yi. Bayan la'asar za a zo gidanka a yi sallama sau uku. In duk kuka yi shiru, mu yanke reshen da ya kai gidanka. In ɗaya ya amsa, shi za mu rubuta, ya ɗauke wa saura."

"A rubuta shi a yi masa me?"

"Ya riƙa ji."

Yaya bai tsaya naɗe waya ba.

Ya iso gida ana kiran sallar la'asar. Ya tara su a tsakar gida: Inna, da matarsa Anti Marsiyya, da Iklima 'yar shekara uku. Ya faɗa musu komai. Anti ta yi dariya ta ce, "Baban Iklima, rana ce ta buge ka?" Ya cire batirin rediyo, ya kashe wayoyi ya tura su cikin buhun gero. Da ta ga ba wasa yake ba, ta daina dariya.

Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai, ni fa tunda nake ban taɓa barin sallama a ƙasa ba."

"Yau ɗaya, Inna. Don Allah."

Suka yi salla, suka zauna kan tabarma ɗaya. Kajin gidan duk suka shige akurki da kansu.

"Salamu alaikum. Akwai mai ji?"

Daga rediyon da ba batir. Daga buhun gero. Daga cikin randa. Inna ta buɗe baki za ta amsa, Yaya ya riƙe mata hannu. Anti ta danne bakin Iklima.

Aka jima.

"Salamu alaikum, masu gida. Akwai mai ji?"

Wannan karon da muryar Malam ce, mijin Inna, da ya rasu shekara tara. Har ɗan tarin da yake yi kafin magana. Hawaye ya zubo wa Inna, ta cusa gefen mayafi a baki ta cije. Ba ta amsa ba.

Saura ɗaya. Yaya har ya fara sakin numfashi.

Ta ukun ba da ƙarfi ta zo ba. Muryar Yaya ce da kansa, irin wadda yake yi in ya dawo aiki da alawa a aljihu, daga bakin zaure.

"Salamu alaikum. Ina 'yar Baba?"

Iklima ta gantsara wa uwarta cizo a yatsa, ta zille. Ta yi zaure da gudu tana dariya, ta buɗe baki.

"Wa alaikumus salam," in ji Inna, da ƙarfi. "Ina ji. Ni ce, Kulu."

Komai ya ɗauke. Kaji suka fito. Iklima ta tsaya a zaure tana dube-dube, ba kowa.

Yaya ya durƙusa yana kuka. Inna ta ce, "Tashi, ɗauko min tabarmata da buta." Ta karkata kai gefe kamar ana mata raɗa. "Suna da yawa," ta ce. "Sunayen gidaje suke karantawa."

A ranar ta bar gidan. Ta ce in adireshi na bin mai shi, to ta kai shi nesa da yarinyar. Shi ya sa kuke ganinta a ɗakin nan na bayan gari ita kaɗai, ba faɗa aka yi ba, ƙarya ake muku. Kullum bayan la'asar ana tambaya, kullum tana amsawa. Ta ce ranar da ba ta amsa ba, gidan da aka fara rubutawa, wato na Yaya, za a koma a tambaya.

Don haka kar wanda ya bi burtalin nan shi kaɗai, ko da rana ce. In kun ji sallama ba ku ga mai yi ba, ku kama bakinku.

Ni dai jiya na kai mata kunu. Muryarta ta dishe, da ƙyar take fita.