Tsawa da Dafi a Akwatin Ukashatu

Akwai halin da ya fi rowa muni, ya fi ƙarya saurin cin mai shi: wani yana yi maka kunya don girmamawa, kai kuma ka ɗauki kunyar ka mayar da ita kayan aikinka. Wannan halin ne ya ci Ukashatu na unguwar Jabiri a Funtuwa ta sama. Ga yadda aka yi.

Akwatin yana ta gurnani a tsakar ɗaki kamar injin markaɗe da aka rage wa wuta. Tsawonsa tsawon mutum, murfinsa na gilashi. Ukashatu yana kwance a ciki, wayoyi sirara kamar gashin masara sun manne masa a ƙeya da kunnuwa da hannun dama. A allon da ke jikin bango, dodanni biyu suna ta gwabzawa. Duk dukan da ɗaya ya kai wa ɗaya, sai fatar fuskar Ukashatu ta motsa.

A wancan zamanin Funtuwa ta daina faɗi, sai tsawo. Gidaje sun hau kan gidaje, jirgin ƙasa yana gudu a gadar sama, tsohon gidan gurzar auduga ya cika da na'urori masu tunani. Duk wanda ke da waya yana kiwon dodo a cikinta, a wani wasa da ake kira Fagen Dodanni. Kowane dodo da irin dukan da ake koya masa, amma biyu ne suka raba garin gida biyu. Na farko Tsawa: duka ɗaya tak, ya kwashe rabin ran abokin gaba, amma bayansa dodonka zai tsaya yana haki, a buɗe, kowa ya same shi. Na biyu Dafi: ɗan yakushi ne da ba ya ko girgiza abokin gaba, sai dai yana shiga jiki yana ci a hankali har ya kayar.

Sana'ar Ukashatu ita ce auna duka. Ya gwada wannan, ya gwada wancan, ya faɗa wa mutane wanda ya fi, su kuma su bi. Har laƙabi aka yi masa, Malam Awo. Shi ɗan Tsawa ne. Amininsa Tanimu, mai gyaran jiragen aike marasa matuƙi, ɗan Dafi ne na a-mutu.

Wata rana a majalisarsu ta ƙarƙashin gada, Tanimu ya tsokane shi.

"Malam Awo, lambobi kawai kake gani a allo. Ka taɓa jin dukan nan a jikinka?"

"Sai na sha guba kafin in san tana kisa?"

"Ai ka ji. Mai ba da fatawa daga inuwa! Tsawarka ta ragwaye ce, a yi ihu ɗaya a zauna ana nishi kamar tsohon janareto."

Majalisa ta kwashe da dariya. Ukashatu bai yi ba. Mutum ne da ba ya iya kwana da dariyar da aka yi masa.

Daga nan ya fara haɗa akwatin. Dabararsa ita ce ya jona jijiyoyinsa da wasan, kowane duka ya bi ta jikinsa, na'ura tana auna zafinsa da saurinsa. Tsawa ta kunne take shiga, Dafi ta hannu. Ya kuma sa wa akwatin sharaɗi: kada murfi ya buɗe sai ɗaya ya rinjayi ɗaya, rinjayen da babu gardama a bayansa.

Tanimu ne ya taya shi haɗa wayoyin, shi ne kuma ya tuna masa dokar gari. Duk na'urar da ke taɓa ƙwaƙwalwa dole a sa mata muryar ceto, wato muryar mutum guda wanda in ya tsaya a kanta ya kira sunan wanda ke ciki, za ta saki.

"Sa matarka Barira," in ji Tanimu.

"Barira 'yar zamani ce. Sunana a bakinta kamar na ƙaninta. Tuwo na sauka za ta kira ni."

"To sa ni."

"Kai? Kana ganin Dafi ya fara shan kashi za ka ƙwala mini kira ka ɓata gwajin."

Sai ya ɗauko wayarsa, ya kunna wa na'urar gaisuwar da mahaifiyarsa take aiko masa, har ta haddace muryar.

"Inna Hansai?" Tanimu ya zaro ido. "Kai fa ɗan farinta ne."

"Shi ya sa. Tun da ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba a kan wasan waya za ta fara ba. Doka ta samu muryarta, ni na samu zaman lafiya."

Tanimu ya yi dariya har da tafi. Bai kamata ya yi ba.

Gaskiya Ukashatu ya faɗa. Inna Hansai tana ƙauyen Maska, kuma irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Da yana yaro "wancan" take ce masa. Da aka haifi ƙannensa ya zama "yayan su Larai". Da ya yi aure ya koma "mai gidan Barira". Ko ranar da zazzaɓi ya kusa ɗauke shi yana ƙarami, ƙanwarta ce ta faɗa wa likita sunan, ita tana bakin ƙofa tana kallon ƙasa, alhali ita ta goyo shi da ƙafa tun daga ƙauye.

To, ga abin da Malam Awo bai auna ba. Masu wasan suna da tasu na'urar, mai daidaitawa. Aikinta ta zuba ido a kan duk faɗan da ake yi a duniya. In ta ga wani duka ya fara yin fice, sai ta rage masa ƙarfi ta ƙara wa kishiyarsa, don kada gardama ta mutu. Gardamar ce kasuwarsu. Da can a hankali take yi, ba mai lura. Amma akwatin Ukashatu yana yin faɗa cikin ƙiftawar ido fiye da abin da garin duka yake yi a wuni, sai mai daidaitawa ta juyo kansa kacokan.

Ranar da ya shiga akwatin, da farko daɗi ya ji. Tsawa ta faɗo masa a kunne kamar an rufe ƙofar ƙarfe, Dafi ya bi hannunsa kamar tafiyar cinnaka. Ya ga Tsawa ta yi gaba, ya ce a ransa, Tanimu ka shirya bakinka. Saura kaɗan murfi ya buɗe, sai Dafi ya taso ya kamo ta. Ya wuce ta. Ya ce to, ko Dafin ne, a gama. Saura kaɗan kuma, Tsawa ta dawo da ƙarfin da bai san ta da shi ba.

Da abin ya maimaita kansa, ya gane. Ba rage wa na gaba kawai ake yi ba, har ƙara wa na baya ake yi, kullum dukan sai ya fi na ɗazu. Ya yunƙura ya ɗaga hannu, hannu ya ƙi. Shi da kansa ya sa akwatin ya riƙe jiki don kada mutum ya zabura ya tsinka waya. Ya nemi ya yi ihu, harshe yana kwance kamar ba nasa ba. Idanunsa kawai aka bar masa. Ta gilashi yana ganin silin ɗakinsa, da tsagar da ya daɗe yana cewa zai toshe, da wata tsaka da take fitowa ta kalle shi ta koma. Ya ji kiran sallar azahar ya wuce shi. Ya ji na la'asar, can nesa-nesa. Numfashinsa yana taruwa a jikin gilashi ya bushe, ya sake taruwa.

Barira ta saba da shirmensa, ba ta damu ba sai da aka wayi gari ta ga jini ya gangaro daga kunnensa na dama. Ta kira Tanimu tana kuka, kafin ya iso ta riga ta kama wayar wuta za ta fizge.

"Kar ki cire!" ya daka mata tsawa daga bakin ƙofa. "Ƙwaƙwalwarsa tana jone. Kika cire, gawa za mu fitar."

Ta kifa kanta a gilashi. "Ukashatu! Ukashatu!"

Akwatin ya amsa da wata murya mai sanyi: "Ba wannan muryar ba ce."

Nan Tanimu ya faɗa mata wadda aka sa. Ta kalle shi kamar ta mare shi. Aka gwada muryar Inna ta waya, akwatin ya ce sai mai muryar ta tsaya a kansa. Aka tura a ɗauko Inna a jirgin gada.

Kafin ta iso gidan ya cika da maƙwabta da 'yan majalisa. Ta shigo da sallama, 'yar tsohuwa siririya da lulluɓi, ta dubi akwatin, ta kau da kai kamar yadda ta saba kau da kai daga gare shi a gaban mutane.

"Kai wancan, tashi haka nan. Ka tara mana jama'a."

"An gane murya," in ji akwatin. "Ba a ji suna ba."

"Yayan su Larai, magana nake."

"Ba a ji suna ba."

Barira ta durƙusa ta kama ƙafarta. "Inna, don girman Allah. Sunansa na yanka yake so."

"Ke 'yar nan, kin san abin da kike faɗa? Ni? Ubansa ya mutu bai ji ba."

Aka fitar da mutane tsakar gida, ya rage daga ita sai Barira da Tanimu. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa, babu abin da ya fito. Ba taurin kai ba ne. Abin da mutum ya danne tun yana budurwa ba ya tasowa don an ce ya taso.

A ciki Ukashatu yana jin su da ragowar kunnen hagu, kamar maganar da ke fitowa daga rijiya. Ya ji "wancan". Wani abu da ya manta ya taso masa: yana yaro, yakan ɓuya a bayan rumbu da gangan, ko za ta rasa shi ta kira. Ba ta taɓa kira ba, sai dai ta zo ta tsaya har ya fito. Yanzu ga shi zai ji. Ya tattara duk abin da ya rage masa a kunnen nan guda.

Inna ta juya ga Tanimu. "Ɗan nan, wa ya sa muryata a cikin abin nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Shi ya sa, Inna."

"Don me?"

"Ya ce... ya ce ke ba za ki taɓa faɗa ba. Ba mai katse shi."

Ta dubi akwatin. Sannan ta ce a hankali, "Ashe ya san abin da nake yi masa. Ya sani, ya ɗauka ya yi kwaɗon kulle kansa da shi."

A daidai lokacin Dafi ya yi gaba a allo, mai daidaitawa ta ƙara wa Tsawa. Dukan ya sauka. Jikin Ukashatu ya banƙare duk da riƙon da aka yi masa, jini ya ɓalle daga kunnen hagu. A ciki, gurnanin akwatin ya ɗauke, komai ya ɗauke.

Ya ga lulluɓinta ya zame. Ya ga fuskarta ta sauko a kan gilashi, tana kallonsa ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya ga bakinta ya buɗe, jijiyar wuyanta ta miƙe.

Murfi ya ɗaga.

Ga abin da Ukashatu ya fita da shi, ga abin da ya bari a ciki. Kunnuwansa biyu sun tafi. Likitoci sun dasa masa na'urar ji, suka tarar jijiyar ta ƙone. Hannunsa na dama yana rawa, ba ya riƙe waya, ba ya riƙe cokali. Amsar da ya shiga nema bai samo ba, kuma kafin ya bar asibiti masu wasan sun cire Tsawa da Dafi gaba ɗaya sun kawo sababbi, majalisa ta koma gardama a kansu, wani ne Malam Awo yanzu. Inna Hansai ta yi jinyarsa har ya miƙe, ta koma Maska, ta koma kau da kai.

Yakan kama rigar Tanimu, da muryar nan ta wanda ba ya jin kansa, ya ce, "Yaya ta faɗa? Da ƙarfi?" Tanimu sai dai ya gyaɗa kai.

Sau ɗaya uwarsa ta kira sunansa a duniya. Barira ta ji. Tanimu ya ji. Mutanen tsakar gida sun ji, har mai sayar da ruwa da ke wucewa a ƙofar gida. Akwatin ƙarfe ma ya ji. Mai sunan ne kaɗai bai ji ba.