Likkafanin Wasa

Ruwaida ta fara ganin Ilya ne da tef ɗin awo rataye a wuyanta, a ɗakin ɗinki na gidan opera, wato gidan wasan kwaikwayo na waƙa, da ke Lyon a Faransa, cikin hunturun 2009. An ce mata sabon mawaƙi zai zo awo, bariton, wato mai kakkaurar muryar da ake bai wa matsayin sarki ko uba ko mugu. Ta zaci wani tsohon Bature ne mai tumbi. Sai ga dogon saurayi ya shigo yana sunkuyar da kai, ya dubi ɗankwalinta, ya yi mata sallama da Hausar Damagaram.

Ita haifaffiyar La Courneuve ce, a gefen Paris, Hausarta duk ta cikin gida ce, amma ta amsa, kuma ta ji kunya ta rufe ta ba gaira ba dalili.

Da ta duba abin da za a ɗinka masa, murmushinta ya ɗauke. Bayan alkyabbar sarauta akwai farin ƙyalle daga kai har ƙafa, domin a ƙarshen wasan ana kashe sarkin, a naɗe shi a gaban jama'a.

"Likkafani zan ɗinka maka ke nan?"

"Na wasa ne, ƙanwata. Kullum sai sun kashe ni, kullum kuma sai na tashi na nemi abinci."

Ta yi dariya, amma ba har zuci ba. Mahaifiyarta, Hajiya Fatou, ita ke wa matan Nijar wankan gawa a yankin Saint-Denis, kuma Ruwaida tana budurwa ta riƙe mata ƙyallen da aka yanka wa mahaifinta.

Soyayya dai ba ta tambayi kowa izini ba. Yana kiranta Allurata, ita kuma don tsokana ta raɗa masa Marigayina. Tauraronsa ya fara haske, daga Lyon sai Milan, daga Milan sai Vienne, saƙo kuwa ba ya yankewa.

"Allurata, yau ma sun kashe ni, jama'a suka yi ta tafi. Ni dai fuskarki nake so in tashi in gani."

"Marigayina, ka naɗe wuyanka da kyau, kada mura ta kama maƙogwaron nan. Ka ci abinci, d'accord? Ka ji ko?"

Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne tsoro. An koya masa ya riƙe numfashi a ƙarƙashin ƙyallen har a sauke labule, don kada masu kallo su ga ƙirjin gawa yana motsi. Duk ranar da ya yi wasa a Lyon takan tsaya a gefen dandali tana kallon farin ƙyallen da ta ɗinka da hannunta, shiru, ba motsi, har sai ta ji kamar a falonsu take ranar da aka fitar da babanta. A mafarki kuwa labulen kan sauka, fitilu su mutu, shi bai tashi ba.

Wata Asabar ta je gida La Courneuve, ta bar wayarta a kan tebur. Saƙo ya shigo, Hajiya ta ga sunan: Marigayina. Ba ta yi faɗa ba, ta sa Ruwaida ta yi mata bayani dalla-dalla, har da hotonsa cikin farin ƙyallen.

"A gidan nan marigayi ɗaya ne," in ji Hajiya a hankali, "kuma ba ya aiko saƙo. Wanda ya mai da mutuwa abin tafi, ba zan ba shi ɗiyata ba."

Ta kuma tuna mata da Karim, ɗan ƙawarta mai kantin magani a Saint-Denis, wanda ya daɗe yana kawo gaisuwa. Ruwaida ta goge sunan daga wayar tana kuka. Ta kasa musu, don a ranta ta san tsoron uwarta da nata ɗaya ne.

Ta daina amsa kira. Labarin Karim ya isa kunnen Ilya, ya ɗauka zaɓi ta yi. Saƙo ɗaya ya ƙara aikowa.

"In shi kike so, Allah Ya ba ku zaman lafiya. Ni dai ban iya daina sonki ba, na gwada."

Ta karanta har ta haddace, ba ta ba da amsa ba. Karim ya yi ta zarya, ita kuma kullum sai ta ce a ƙara mata lokaci.

A bazarar 2011 wani tsoho, Malam Sabo, ya rasu a gidan 'yan ƙwadago da ke Sevran, ba mata ba ɗa a ƙasar. Malamin da ya saba yi wa maza wankan gawa ya tafi gida Maraɗi, samarin da suka taru kuwa kowa sai kallon ƙasa yake. Hajiya ta yanko likkafani ta kawo, Ruwaida na riƙe mata jaka, suka tarar ana ta neman wanda zai shiga.

Ana cikin haka Ilya ya iso. Yana Paris ne wajen gwajin wani sabon wasa, ya baro shi da ya ji labari, domin Malam Sabo ne ya ba shi wurin kwana lokacin da ya fara zuwa karatu. Ya ce kawunsa ya koya masa wankan gawa a Zinder. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa ya karɓi ƙyallen daga hannun Hajiya da hannu biyu. Ta gane shi, shi ma da ya ga Ruwaida a gefenta ya gane ta.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito idanunsa sun kaɗa jawur, muryar nan da ke cika babban zaure ta koma kamar ta mai zazzaɓi.

Hajiya ta tare shi a bakin ƙofa. "Ka ji tsoro?"

"Na ji, Hajiya. A can ni ke riƙe numfashi in jira labule. Nan kuwa na rufe shi, na tsaya ina jira ya saki nasa."

Wannan jiran Hajiya ta san shi, ta yi shi a kan mijinta, kuma ba ta taɓa jin wani ya ambata shi ba. Ta juya ta ce wa Ruwaida ta ba bawan Allah ruwa ya sha. Ruwaida ta miƙa masa kofin.

"Allurata," ya ce ƙasa-ƙasa, "har yanzu da sauran wuri?"

"Babu wanda ya zauna a wurinka, Ilya."

Hajiya da kanta ta je ta bai wa mahaifiyar Karim haƙuri. Bayan sallar layya aka ɗaura aure a wani masallaci a Saint-Denis, dangin ango suka zo daga Zinder da kilishi da turaren wuta. Sharaɗi ɗaya ta kafa: farin ƙyallen nan, wata ta riƙa ɗinka shi, ban da ɗiyarta.

Da za su hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, ta riƙe hannun Ruwaida, ta dubi surukinta.

"Je ka mutu musu yadda suke so, ɗana, amma ka riƙa dawo mata da ƙafarka. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Allah Ya sa ku za ku rufe ni, ba ni zan rufe ku ba."

Suka ce amin, su biyun, da hawaye a idanunsu.