Wanda Ya Zubar Da Ruwan Zafi

Ranar Alhamis ce, gab da magariba, mudir, wato manajanmu, ya kira ni a waya ya ce in gyara ɗaki, akwai baƙi uku da za su shiga bayan salla. "Yalla ya Lado, bisur'a," ya ce, wato in yi sauri, ya kashe.

Bari in fara gaya muku irin aikin, don ko mutanen gidanmu a Gumel har yau ba su gane shi ba. A ƙasan wani dogon bene a unguwar Ulaya, a ƙasar da muka zo ci-rani, akwai ɗakin wasa. Ana kulle mutane a ciki na awa ɗaya, su binciko wanda ya yi kisa. An shirya ɗakin kamar na wani attajirin Bature na zamanin da, wanda komai nasa da tururi yake aiki: bututun tagulla sun zagaye bango, ƙafafun ƙarfe masu haƙora suna juyawa, ga ƙaton agogo. Attajirin yana kwance a kan tebur, an kashe shi.

Labarin ba ya canzawa, na haddace shi kamar karatun allo. Agogo yana tsaye daidai lokacin kisan. Ƙofa a kulle take ta ciki. Wanda aka fara zargi ba shi ba ne, mai kisan kuwa shi ne wanda ya fi kowa ladabi. A ƙarshe sai ya amsa laifinsa da bakinsa, in buga ƙararrawa, gawa ta tashi zaune, a yi tafi, a ɗauki hoto.

Ni ne bara mai kawo shayi. Gawar kuma Issoufou ne, mutumin Damagaram, abokin ɗakina. Fuskar tagulla ake sa masa, ya kwanta. Doka ɗaya ce a kansa: kada ya motsa sai an faɗi sunan gaskiya an buga ƙararrawa. Ban taɓa ganin mai iya mutuwa kamarsa ba, ko ƙuda ya sauka a hannunsa ba zai kore shi ba. Ya ce awar nan yake yin zikirinsa a zuci.

Tururin na gaske ne. Bayan bango akwai tukunya mai tafasa, kuma kafin kowane sabon wasa sai an zubar da ruwanta a magudanar ƙasa. Aikin Issoufou ne. Sai ya jira ya huce, ya surka da na sanyi, ya yi bismilla sau uku, sannan ya duƙa ya ce, "Ku gafara, bayin Allah."

Ina yi masa tsiya kullum. "Aljanu a Ulaya? Su ma da iƙama suke zaune, takardar izinin zama? Wane ne kafil ɗinsu da ya tsaya musu?"

"Kai dai bari, ɗan'uwa," yake cewa. "Gidan wani ne."

Ranar ya tafi alwala. Mudir ya sake kira. Na dubi tukunya tana huci, na dubi agogon hannuna, na ce wa ke da lokacin surki. Ladan na ɗaga murya na murɗa famfon.

Ruwan ya gangara yana tafasa.

Sai na ji wani sauti daga cikin magudanar. Ba ihu ba ne. Kamar tsohuwa ta ja numfashi ta tsakanin haƙora, ta riƙe, ba ta sake shi ba. Wani ƙauri ya taso, irin na babbakar kan akuya.

Na rufe famfon. Na fesa turaren ɗaki. Ban gaya wa kowa ba.

Muka yi salla a ɗan lungun da muke yi, Issoufou ya ja mu. Ya sa fuskarsa ta tagulla ya hau tebur. "In sun daɗe ka ba su satar amsa," ya ce. "Yau bayana ciwo yake."

Baƙin suka sauko. Maza uku ne dogaye, cikin fararen riguna. Na miƙa musu akwatin ajiye waya, babu wanda yake da waya. Suna ƙamshin turaren wuta, amma a ƙarƙashinsa akwai warin kwata. Inda suka taka, tayil ya jiƙe.

Na kulle su, na koma ɗakin kallo. A allon kyamara Issoufou kaɗai nake gani. Na ce na'ura ce ta lalace. Da minti ashirin ya cika na ɗauki tiren shayi na shiga, kamar yadda wasan ya tsara.

Ba su taɓa komai ba. Ba su buɗe aljihun tebur ba, ba su nemi wasiƙar da muke ɓoyewa ba. Suna zaune a ƙasa, sun kewaye magudanar.

Na ɗaga kai. Hannayen ƙaton agogon a manne suke da ƙusa a kan tara da minti goma, ni na buga ƙusar da hannuna. Yanzu suna kan shida saura kwata. Lokacin kiran salla.

Na tsaya da tiren a hannu.

"Ajiye, bara," babbansu ya ce. Da Hausa ya faɗa, irin tsohuwar Hausar kakata. Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Shekara biyu muna kallon wasanku ta ƙasa. Mun koyi ƙa'idarsa. Yau mu za mu yi."

Na ja da baya, ban ajiye tiren ba.

"Da farko akwai gawa."

Ya sa yatsa ya ɗaga murfin magudanar. Ramin bai fi tafin hannu ba, amma ya zura hannu har kafaɗa. Ya jawo wani hannu. Ɗan siriri, mai tamoji, fatar ta saɓule har gwiwa. Da carbi a naɗe a wuyan hannun.

"Uwarmu ce," ya ce. "Alwala take yi."

Bututu suka fara feɗuwa a hankali.

"Agogo ya faɗi lokaci. Ƙofa a kulle take, babu wanda ya shigo daga waje. Saura suna." Ya juyo. Idonsa ba ya ƙiftawa. "Wa ya zubar da ruwan?"

Na yi ta neman Ayatul Kursiyyu a kaina, farkonta ya ɓace mini. Na ji ɗigar ruwa, ɗis, ɗis.

Zan faɗa muku gaskiya, tunda ban faɗa musu ba. Ba ruɗewa na yi ba. Na san abin da nake yi.

Na ɗaga hannu na nuna tebur.

"Issoufou. Aikinsa ne."

Yana ji. Na san yana ji, don na ga ƙirjinsa ya tsaya, sannan ya ci gaba. Bai motsa ba. Har yau ban sani ba ko dokar aiki ya bi, ko a lokacin an riga an riƙe shi.

"Bara ya faɗi suna," babban ya ce. "Buga ƙararrawa mu gani."

Na ɗauko ta daga aljihu. Na buga.

Shiru.

Na sake bugawa. "Issoufou, tashi. Halas, an gama. Tashi mana!"

Ko yatsa.

"Gawa ba ta tashi ba," ya ce a hankali. "A ƙa'idarku, me ke nan?"

Ƙaramin cikinsu ne ya amsa, da muryata, irin wadda nake yi wa baƙi: "Wanda aka fara zargi ba shi ba ne."

Suka miƙe tare. Kansu ya kusa taɓa rufi.

"Mu ba ma zalunci," babban ya ce. "Mun ga yadda kuke yi, mai kisa da bakinsa yake amsawa. Ranar da ya faɗi sunansa, gawa za ta tashi, shi kuma ya biyo mu. Ba ma sauri."

Tururi ya ɓalle ta kowane bututu. Fari fat. Zafi ya shiga hancina.

Na jefar da tire. Na lalubi ƙofa.

Wani abu ya kama idon sawuna. Yatsu sirara, masu zafi kamar garwashi.

Na fizge. Na bar takalmi. Na hau matakala da hannu da ƙafa, ban tsaya ba sai a bakin titi, cikin fitilu da hon ɗin motoci, mutane suna wucewa da kofin gahawa kamar ba abin da ya faru a duniya.

Da mai gadi ya raka ni muka koma, ɗakin a bushe yake. Agogo yana kan tara da minti goma. Issoufou yana kan tebur. Muka cire masa fuskar tagulla, idonsa a buɗe, yana numfashi, yana kallon rufi.

Likitoci sun yi hoton kansa, sun auna jininsa, sun ce ba su ga komai ba. Malamai uku sun yi masa ruƙiyya. Bayan wata biyu aka sa shi a jirgi a kan gadon marasa lafiya, aka mai da shi Damagaram.

Yau wata tara ke nan. Na bar aikin, ina dakon kaya a wani sito a unguwar Sulay. Shatin yatsu huɗu yana nan a ƙafata, ba ya warkewa, ba ya ruɓewa. Matarsa Zeinabou tana aiko mini da saƙon murya duk Juma'a. Ta ce tana juya shi, tana ba shi kunu da cokali. Ta ce leɓensa yana motsi kamar mai zikiri. Kullum da abu ɗaya take rufewa: "Malam Lado, Allah ya saka. Kai kaɗai ne ba ka manta da shi ba."

Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma tsoron ya fi yawa.

Ƙararrawar tana wurina. Duk magariba magudanar banɗakin masaukinmu tana feɗuwa a hankali, ni kaɗai nake ji. Sai in shiga in rufe ƙofa, in duƙa a kanta da ƙararrawar a hannu. Na san sunan da zai tada shi, ai nawa ne. In buɗe baki. In tuna hannun nan mai saɓulalliyar fata.

Sai in ɗebi ruwan sanyi, in yi bismilla sau uku, in ce ku gafara bayin Allah, in fito.

Jiya ma ban faɗa ba.