Nunan Fari

Da yamma ta yi, hasumiyoyin ƙamshi na Birnin Kwarin Lambu suka buɗe kunnuwansu na ƙarfe suka fara huci. Dakta Uwani Mantau tana tsaye a ɗakin lura, tana kallon faɗa-wuta suna tasowa daga gonakin mangwaro kamar hayaƙi, suna nufar tarkon da ta ƙera musu.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Uwar faɗa-wuta da hanci take neman inda za ta zuba ƙwai, ƙwan kuma shi ke zama tsutsar da ke huda mangwaro ta cinye toho. Sai Uwani ta haɗa ƙamshin da ya fi na kowace bishiya jan hankali, ta sa wa na'urar suna Maruɗiya. Uwa ta zo ta zuba ƙwanta a farantin da ke jikin hasumiyar, zafin lantarki ya soye shi. A bana birnin ya ga mangwaro ba tabo, har mutanen da jiya ke ce mata mai wasa da ƙwari suka koma yi mata kirari. Ita ma, a faɗi gaskiya, kanta ya ɗan kumbura.

Tambai, abokin aikinta mai kula da taswira, ya kira ta a hankali.

"Dakta, zo ki ga wani abu. Akwai ayarin faɗa-wutar da ba wajenmu ya nufa ba."

A kan allon, wani jan tabo yana taruwa can arewa, inda babu hasumiya ko ɗaya. Ta matso ta karanta sunan wurin. Garin Dabo ne, ƙauyensu, inda kowane gida da mangwaro yake ci yake sha.

"Me zai kai ƙamshinmu can?" in ji Tambai. "Duk kayan da ke fita kasuwa sai sun bi ta injin wanki."

Ita kuwa ta riga ta gane. Ƙamshin yana kama ɓawo, shi ya sa ake wankin. Amma nunan fari ba kayan kasuwa ba ne. A al'adarsu, da hannu ake tsinko shi, a kai wa iyaye da ƙurarsa da ƙaronsa kafin mai gona ya ɗanɗana. Wa zai saka rabon uwarsa a inji? Ita da kanta ta cika kwanduna ta aika wa Inna a jirgin saƙo, tana murna.

Ta taɓa wayar da ke kunnenta.

"Inna, mangwaron nan da na aiko, yana ina?"

"Allah Ya yi miki albarka, Uwani. Ai na raba. Gidan Liman, gidan Sarkin Noma, har 'yan'uwanku na hayin rafi, ba wanda bai samu ba. Na ce su ɗanɗani aikin 'yata."

"Ɓawon fa?"

"Ɓawo kuma? Gindin bishiya mana, ya zama taki. Namu na zuba wa na Malam."

Na Malam shi ne mangwaron da mahaifinta ya dasa a tsakar gida kafin ya rasu. Inna ba ta taɓa yarda a sare masa ko reshe ba.

"Inna, don Allah ki sa a kwashe a ƙone, yanzu. Kowane gida."

Sai Inna ta ce, "To ai ga baƙi nan sun fara sauka, sun rufe ganyen."

Uwani ta juya ga Tambai. "Ƙara ƙarfin hasumiyoyin, mu janyo su."

"Sun yi nisa, Dakta. In muka ƙara, na dajin kudu za mu tono, farantanmu su cika su tumbatsa. Garin neman gira mu rasa ido."

Ta hau jirgin ma'aikata da tankunan feshi, amma ƙwan faɗa-wuta ba ya jiran kowa. Kwanakin da ta yi a ƙauyen tana feshi tana ƙona ɓawo, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shige cikin 'ya'ya da rassa, inda magani ba ya kaiwa. In mutum ya tsaya ƙarƙashin bishiya, yana jin kashinta na zuba kamar yayyafi. Mutanen gari ba su zage ta ba, gaisuwa kawai suke amsawa a taƙaice, wannan kuwa ya fi mata zagi ciwo.

Ranar da Sarkin Noma ya ce sai an sare duk bishiyar da ta kamu, Inna ta shimfiɗa tabarma ta zauna tana kallon masu gatari sun kewaye na Malam. Uwani ta durƙusa kusa da ita, kunya da baƙin ciki sun hana ta ɗaga kai.

"Na birni dai sun tsira ko?" Inna ta tambaya.

"Sun tsira, Inna."

"To madalla." Ta kaɗe wata tsutsa daga zanenta. "Baɗi in nunan fari ya zo, ki riƙe abinki."

Gatari na farko ya sauka.