Alƙawarin Mahanga

Fankoki uku ke juyawa a cikin Mahanga, allonta kuma ya ƙi sauya magana: saura awa talatin da shida. Barmani ta duba agogo. Talata ce, ƙarfe takwas na safe.

Mahanga ba wata ƙasaitacciyar na'ura ba ce. Tsohuwar kwamfutar tebur ce a ofishin manoman Unguwar Madatsa, cikin Birnin Kwarya. Aikinta guda: ta haɗiye rahoton tauraron ɗan'adam, ta faɗi ranar ruwan shuka. Tun da siminti ya cinye gonaki, gero ya koma rufin benaye, sha huɗu a unguwar. Amma manoma ba su bar binne ba, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. In ruwan ya zo da ƙarfi, ka riga kowa. In yayyafi ne, iri ya farka, rana ta ƙone shi. Rumbun birni kuwa sau ɗaya yake ba da iri a shekara.

Ƙofa ta buɗe. Sarkin Noma Tsalha ne, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya tsaya mata aka ba ta aikin nan wata biyu da suka wuce.

"Injiniya, akwatin naki ya yi magana?"

"Sai gobe bayan isha'i, Kawu."

"Bayan isha'i? Gobe da la'asar wa'adinmu zai cika. In ban ba ƙaguwa umarni ba, za a kwashe su zuwa Unguwar Yamma, sai bayan sati uku."

Ƙaguwa su ne injinan shuka masu ƙafa shida, unguwanni ke karɓarsu bi da bi.

"Iya gudunta ke nan."

"Ɗan Sarkin Noman Yamma ya zaburar da tasu. Ko ke a makarantar taku shara kawai aka koya miki?"

Yana fita ta kira Malama Ladidi, tsohuwar malamarta da ta yi ritaya a Damagaram. Fuskar matar ta bayyana a bango, tana tsinkar zogale.

"Zaburarwa? Ke da ko murfin furosesa ba ki taɓa buɗewa ba? To ɗauko biro. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar. Gudunta yanzu gigahaz huɗu, lambar ninki arba'in. Ƙara ɗaya-ɗaya, ba tsalle. In ta ɗauke, ba ta ƙoshi da wuta ba ne, sai ki ɗan ƙara mata. Kar ki wuce bolt ɗaya da ɗigo uku da biyar. Zafi kuma in ya haura digiri tamanin da biyar, ki janye hannu."

"Shi ke nan?"

"Gaggawar me kike, gidanku ke ci da wuta? Saura gwajin ɗorewa. Awa takwas kina ba ta lissafin da kin riga kin san amsarsa. In ta kuskure ko sau ɗaya, ki sauko."

Barmani ta adana aikin inda ya tsaya, ta kashe na'urar. Ta busa ƙurar fankoki, ta shafa sabon man sanyi a bayan furosesa, ta kunna. Arba'in da ɗaya. Arba'in da huɗu. Zafi saba'in da biyu. A arba'in da bakwai allon ya yi baƙi ƙirin. Ta ƙara wuta kaɗan, Mahanga ta farfaɗo. A hamsin ta sake ɗaukewa. Ta tura wutar zuwa ɗaya da ɗigo biyu da takwas. Na'urar ta tashi, fankoki na ihu, zafi tamanin da uku. Nan ta tsaya. Tana da sauran filin ƙara wuta, amma wuta zafi take haifarwa, ita kuwa digiri biyu suka rage mata.

Allon ya ce: saura awa ashirin da tara. Ƙarfe tara ne. Amsa za ta fito gobe ƙarfe biyu, kafin la'asar. Awa takwas na gwaji ba su da wurin zama.

Ta ɗora yatsa a maɓallin gwaji, ta ɗauke. Ai na'urar ba ta sake ɗaukewa ba, zafinta bai wuce iyaka ba. Ta danna ci gaba.

Laraba ƙarfe biyu saura, Mahanga ta yi magana: Asabar, ruwa milimita arba'in. Kawu Tsalha bai ko zauna ba.

"Ashe dai an koya miki wani abu. Allah Ya yi miki albarka, ɗiyata."

Kafin kiran la'asar ƙaguwa sun hau rufi suna soka iri.

Hankalinta ne ya ƙi kwanciya. Tana jin takun injinan a sama kamar a tsakar kanta. Da ta tashi aiki, sai ta mayar da Mahanga gudunta na asali, ta sa ta maimaita lissafin daga inda ta adana. Ba ta gaya wa kowa ba. Ranar Alhamis ta ƙona tuwo, ta yi wa mai shayi tsawa ba dalili.

Juma'a da hantsi ta tarar da amsa ta biyu: Asabar yayyafi, milimita biyar. Ruwan gaske sai kwana sha tara bayan haka.

Ta sake kiran Damagaram.

"Gwajin fa?" in ji Malama Ladidi.

"Ban yi ba," in ji Barmani.

"Na'urar da ta ɗauke ba ta cutar kowa, yarinya. Wadda wuta ta yi wa kaɗan amma ta tsaya da ƙafafunta, ita ce abar tsoro. Cikin lissafi biliyan ta juya lamba ɗaya, ta ɗora sauran a kai, ta miƙo miki ba ko kunya."

Lif ya cika, ta hau bene hawa ashirin da ƙafa. Ta sami kawunta a rufi na ƙarshe, ƙaguwa na rufe layin ƙarshe. Ta faɗa masa komai, har gwajin da ta tsallake. Ya dubi ƙasar. Wa zai tsince ƙwayar gero daga rufi sha huɗu?

"A rufe," ya ce. "Kar ɗigo ya taɓa ta."

Unguwa ta fito. Leda, tabarmi, tamfol ɗin biki, har zanen gado. Mata na miƙawa, maza na danne gefe da bulo. Zuwa hantsin Asabar rufi biyu kacal suka rufu. Hadari ya haɗu baƙi wuluk, har wasu suka fara cewa amsar farko ce gaskiya. Aka yi yayyafi na minti ashirin, iska ta kwashe sauran.

Ranar Laraba rufi sha biyu suka yi kore shar, kyau kamar a yi kuka. Hukuma ta hana ba da ruwan famfo ga shuka, don haka tsofaffi ke hawa da ragowar ruwan buta, suna ɗiga wa tsiron da ido ya fara faɗawa a kai. Rana kuwa ta fito ba gajimare ko ɗaya.

Da azahar Kawu Tsalha ya sauko ofis. Wannan karon ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya daɗe yana kallon Mahanga, fankokinta na juyawa a hankali.

"Wacce ce gaskiya, ta farko ko ta biyu?"

"Ta biyu, Kawu."

"Amma ai baki guda ne ya faɗe su."

"Guda ne."

"Kwana nawa suka rage?"

"Sha biyar."

"Tsiron gero ba ya kai kwana bakwai a wannan zafin ranar." Ya murza hular, ya matso da kujerarsa kusa da allon. "Barmani, ƙara mata wuta ki sake tambayarta. Wataƙila ta faɗi wani abu daban."